Sufa gulu a ƙotar wuƙa: inda yake amfani da inda yake cutarwa

Idan kana da wuƙa mai ƙotar itace, wataƙila ka lura da wani hali nata. Da damina ƙotar takan riƙe ƙarfen tam, ko motsi babu. Da zarar hunturu ya kankama kuwa sai ta fara girgiɗi, wani lokaci ma ka wayi gari ka ga ta tsage daga wuya zuwa gindi. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a irin wannan hali shi ne ɗan gam ɗin nan na giram 3 da ake samu a kowane teburin mai kayan tireda, wato sufa gulu. Wasu a tsagar kaɗai suke ɗiga shi. Wasu kuma sukan shafe ƙotar gaba ɗaya da shi, su goge ta har ta riƙa sheƙi kamar gilashi, da nufin kada ruwa ko jini ya sake shiga itacen.

Shin dabara ce ko ɓarna? Amsar a taƙaice: sufa gulu yana da kyau idan ya shige cikin itace, amma yana da matsala idan ya yi kauri a samansa. Domin ka ga dalili, sai mun leƙa cikin gam ɗin, mu leƙa cikin itacen, sannan mu bi ta masana'antun roba da na fata da ke Sharada da Challawa a Kano, don akwai darasi biyu da za mu ɗauko a can.

Me ke cikin gam ɗin?

Sunan sinadarin etil sayano-akirilet. Labarinsa ya faro ne a Amurka a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da wani masanin sinadarai mai suna Harry Coover da abokan aikinsa ke neman roba garai-garai da za a yi madubin saitin bindiga da ita. Abin da suka samu ya riƙa manne wa duk abin da ya taɓa, sai suka ajiye shi gefe. A 1951, a kamfanin Eastman Kodak, wani abokin aikin Coover mai suna Fred Joyner ya ɗiga irin wannan sinadari tsakanin gilasai biyu na wata na'urar awo mai tsada, gilasan suka manne suka ƙi rabuwa. A nan ne aka gane cewa abin da ake ɗauka aibi shi ne amfanin. A 1958 aka fara sayar da shi da sunan Eastman 910.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, sufa gulu ba bushewa yake yi ba. Ƙaro da farin gam na kafintoci suna kamawa ne idan ruwan jikinsu ya tsotse. Shi kuwa wannan, ruwa ne ma yake tayar da shi. Ka ɗauka cewa cikin kwalbar akwai 'ya'yan carbi biliyoyi a warwatse, kowane yana yawonsa. Masana'anta sukan sa ɗan asid kaɗan a ciki don ya hana su haɗuwa. To kusan duk wani abu da ke kewaye da kai, har da fatar hannunka, yana ɗauke da wata 'yar laima da ido ba ya gani. Da gam ɗin ya taɓa wannan laima sai ƙarfin asid ɗin ya karye, ɗan carbi na farko ya cafki na biyu, na biyu ya cafki na uku, haka dai har a sami dogayen sarƙoƙi masu ɗauke da dubbai, cikin daƙiƙoƙi. Waɗannan sarƙoƙi su ake kira folima. A taƙaice dai roba ce mai tauri, 'yar'uwar robar nan mai kama da gilashi da ake allunan shaguna da ita.

Daga wannan bayani abubuwa huɗu suka fito, kuma dukkansu za su yi mana amfani a gaba.

Na ɗaya, tunda daga inda gam ya taɓa laima ake fara sarƙar, shafi siriri ya fi saurin kamawa. Idan ka zuba shi ya taru, samansa da ƙasansa su kama, cikinsa ya daɗe yana ruwa. Yawa ba ya ƙara masa ƙarfi.

Na biyu, abu mai tsami yana rage masa sauri, dangin kanwa kuma suna ƙara masa. Shi ya sa idan aka barbaɗa masa bekin soda yake daskarewa nan take. Kanwa da toka ma 'yan gida ɗaya ne da bekin soda ta wannan fuska. Yawancin itatuwa kuwa suna da ɗan tsami-tsami, don haka gam ɗin ya fi jinkiri a kan itace fiye da a kan yatsanka.

Na uku, haɗuwar sarƙar tana fitar da zafi. A kan ƙarfe ba za ka ji ba. A kan auduga kuwa, mai zare dubbai da kowane ke ɗauke da laima, komai yakan faru a lokaci guda, har hayaƙi ya tashi, har fata ta ƙone.

Na huɗu, yanayin iska yana da tasiri. Masu ƙera irin wannan gam sun fi son danshin iska ya kasance tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A tsakiyar hunturu yakan yi nawa kafin ya kama. A watan Agusta kuma, tururinsa yakan haɗu da danshin iska ya sauka a gefen aikin kamar farin gari. Wannan farin hazo shi ne masu binciken laifi suka mayar abin aiki tun ƙarshen shekarun 1970: sukan turara sufa gulu a cikin akwati, tururin ya bi sawun gumin yatsa ya fito da zanen ɓaro-ɓaro.

Itace bai daina shan ruwa don an sare shi ba

Yanzu sai mu koma kan ƙotar. Itace tarin ƙananan bututu ne da ke tafiya daga saiwa zuwa reshe, kamar ka ɗaure karan dawa dami guda. Bangon waɗannan bututu an gina shi ne da selulos, sinadarin da ke cikin auduga, kuma yana son ruwa. Ko shekara 50 ke nan da sare itacen, idan iska ta yi danshi zai sha, idan ta bushe zai fitar. Idan ya sha ya kumbura, idan ya fitar ya tsuke.

A ƙasar Kano wannan kai-da-kawo ba ƙarami ba ne. Da hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a tsakiyar damina kuma ya haura kashi 70. Awon da masana katako suka yi ya nuna cewa itacen da ya zauna a iska mai danshin kashi 20 yakan riƙe ruwa kimanin kashi 4 zuwa 5 na nauyinsa, wanda ya zauna a kashi 80 kuma ya riƙe kimanin kashi 16. A itatuwa da yawa, duk sauyin kashi 4 na ruwa yana canza faɗin itace da kusan kashi 1. Ka ga ke nan ƙota mai kaurin milimita 30 za ta iya kumbura ta kuma tsuke da rabin milimita ko fiye a shekara guda. Ƙarfen da ke cikinta kuwa bai san ana yi ba, danshi ba ya ƙara masa kauri ko ya rage. Wannan saɓani tsakanin itace mai motsi da ƙarfe marar motsi shi ne asalin girgiɗi da tsagewa.

Akwai wani abu kuma. Ruwa ya fi bin tsawon bututun nan fiye da ratsa su ta gefe, sau 10 ko fiye. Gwada da kanka: ɗauki guntun katako, ka ɗiga ruwa a gefensa, ka ɗiga a kan inda zarto ya yanke. Na kan yankan zai ɓace tun na gefe yana nan a tsaye. A ƙotar wuƙa, bakin bututun yana wuri biyu: gindin ƙota, da wuyanta inda ƙarfe ya shiga. Ta nan ruwa da jini da ruwan omo suke kutsawa, su kwanta a jikin wutsiyar ƙarfen, tsatsa ta fara ci. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, sai ta riƙa tura itacen daga ciki har ya dare.

Masassaƙa da maƙeranmu sun daɗe da sanin cewa ba kowane itace ke yin ƙota ba. Shi ya sa ake neman masu tauri da nauyi irin su ƙirya, marke, kanya da aduwa, a guji masu taushi. Itace mai tauri bututunsa matsattsu ne, ba ya saurin shan ruwa, ba ya saurin ruɓewa. Amma ko ƙirya ce, wuyan ƙota yana nan a matsayin ƙofa.

Inda sufa gulu ya yi rana

A nan ne gam ɗin yake da aikin da ƙalilan ne ke iya yin irinsa. Nau'insa mai ruwa-ruwa tsinkakke ne kusan kamar ruwa, don haka bututun itace sukan tsotse shi kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Idan ya shiga ya daskare a ciki, ya toshe ƙofar da ruwa ke bi, ya kuma ƙarfafa zaren itacen da ya fara laushi. Wurare uku ne ya fi dacewa da su:

Gindin ƙota da wuyanta, inda bakin bututu yake a buɗe.

Siririyar tsaga, irin wadda farce ba ya shiga. Gam ɗin zai bi ta har ƙarshenta, ya hana ta ci gaba.

Ƙaramin rami ko gurbin da ya ɓantare. A cika shi da garin itacen da aka goge daga jikin ƙotar, a ɗiga gam a kai. Garin itace selulos ne mai yawa, don haka cikin ɗan lokaci zai daskare ya yi tauri, launinsa kuma ya yi kusa da na ƙotar.

Batun tsafta ma yana nan. Mutane da yawa suna ɗauka itace shi ne matattarar ƙwayoyin cuta, roba kuma ita ce mai tsafta. Binciken da Dean Cliver da abokan aikinsa suka wallafa a 1994 daga Jami'ar Wisconsin ta Amurka, a kan allunan yanka nama, ya nuna abin bai kai haka sauƙi ba: bakteriyar da aka zuba a kan katako mai tsafta takan shige ciki, ba a cika samunta a sama ba bayan ɗan lokaci, alhali robar da wuƙa ta kakkarce tana da wuyar wankuwa da hannu. Darasin da ya shafe mu shi ne, abin tsoro a wuƙa shi ne tsaga da gurbin da jini da kitse ke maƙalewa, inda soso ba ya kaiwa. Toshe irin wannan gurbi alheri ne.

Inda yake gazawa

Matsala tana farawa ne idan aka ce a yi wa ƙota riga da shi. A ƙasashen waje masu ƙera alƙaluman katako sukan yi haka: su shafa siririn gam sau da yawa, su goge, har ya yi ƙyalli. A alƙalami abin yana tafiya daidai, domin alƙalami ba ya shiga tafasasshen ruwa, ba ya sara ƙashi, ba ya faɗuwa kan siminti da nauyin ƙarfe a jikinsa. Wuƙar aiki kuwa duk tana haɗuwa da waɗannan.

Na farko, gautsi. Daskararren sufa gulu yana da tauri amma ba ya miƙuwa, ba ya kuma jure duka. Itacen da ke ƙarƙashinsa yana kumbura yana tsukewa kowace shekara, domin babu shafin da ke hana danshin iska shiga ɗungurungum, sai dai ya rage masa sauri. Ƙarshenta rigar ta tsattsage. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa ta inda zai fita, sai ka ga fari-fari a ƙarƙashin sheƙin, daga nan ya fara ɓarewa. Ɓawon da ya ɓare kuma, idan wuƙar girki ce, ka san inda zai faɗa.

Na biyu, zafi. Sufa gulu na gama-gari yakan fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyas. Tafasasshen ruwa digiri 100 ne. Mai tsiren da ke ajiye wuƙarsa a bakin wuta, da uwargidan da ke tsoma wuƙa a ruwan zafi bayan gyaran kaza, duk sun wuce iyakarsa.

Na uku, kuma wannan ya fi sauran muhimmanci, santsi. Shafa ɗan mai a tafin hannunka, ka riƙe kofin gilashi, sannan ka riƙe taɓarya. Za ka ji bambanci nan take. Itacen da ba a rufe ba yana da ƙananan ramuka da ke kama fatar hannu, idan ya jiƙe ma zarensa yakan ɗan tashi ya ƙara kamu. Ƙotar da aka mayar gilashi kuwa, da ta haɗu da jini da kitse sai ta zama kamar sabulu. Yawancin wuƙaƙenmu na gida ba su da wani ƙarfe a wuya da zai tare hannu, don haka idan tsinin wuƙa ya ci karo da ƙashi, yatsu ne ke zamewa su hau kaifi. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu suna kusa da fata ta cikin tafin hannu, kuma idan suka yanke sai an yi tiyata. Irin wannan sheƙi kyan ɗan maciji ne.

Darasi biyu daga Sharada da Challawa

Sharada, Challawa da Bompai su ne manyan unguwannin masana'antun Kano, kuma roba da fata suna cikin abubuwan da aka fi sanin su da su.

Darasin farko daga masana'antun roba yake. Bokiti, buta, jarka, kujera da leda, yawancinsu da foli'etilin ko folifurofilin ake yin su. Idan ka taɓa ƙoƙarin liƙe fasasshiyar buta da sufa gulu, ka san yadda yake ɓamɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Dalili shi ne fuskar waɗannan robobi kamar kakin zuma take, ba ta riƙe laima, ba ta kuma barin gam ya baje ya kama. Shi ya sa da irin wannan roba ake yin kwalba da murfin gam ɗin kansa. Wannan yana da amfani ta hanya biyu. Idan wuƙarka mai mariƙin roba ce irin ta kasuwa, kada ka ɓata kuɗinka, da wuya ya kama. Idan kuma ƙotar itace kake gyarawa, guntuwar leda ita ce abin shafawa mafi dacewa: ka naɗe ta a yatsa ka baje gam ɗin, ba za ta yi zafi kamar tsumma ba, ba kuma za ta manne da sauri ba.

Darasi na biyu daga masana'antun jima yake. Kafin a jeme fata, ana jiƙa ta a ruwan laim da wasu sinadarai don gashi ya zube. A ma'aunin pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14, tsaftataccen ruwa yana kan 7, ruwan lemon tsami yana wajen 2, wannan ruwan laim kuwa yakan kai 12 ko fiye. Wato dangin kanwa ne mai ƙarfin gaske. To abin mamakin shi ne, dangin kanwar da ke sa sufa gulu ya daskare da sauri, su ne kuma ke cin sa idan ya daɗe a jiƙe a cikinsu. A hankali sukan tsinka sarƙoƙin nan, gam ɗin ya yi rauni ya saki. Saboda haka wuƙar da ake datse gefen jiƙaƙƙiyar fata da ita a irin wannan wuri ita ce ta ƙarshe da za a yi wa rigar sufa gulu. A gida ma, wuƙar da ke kwana a ruwan omo ko ruwan toka tana fuskantar ƙaramin irin wannan hari, domin su ma dangin kanwa ne.

To wace wuƙa ce ta dace da sheƙin? Wuƙar ado. Irin wadda ake saye a Kasuwar Kurmi da kubenta na fata, a rataye a bango ko a yi kwalliyar hawan Sallah da ita. Ba ta shiga ruwa, ba ta ganin kitse, sheƙin kuma yana fito da zanen itacen. A nan babu laifi.

Yadda za ka yi, idan za ka yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan don layya kake shiri, ka yi gyaran kwana biyu ko uku kafin Sallah, domin ko da gam ya kama cikin daƙiƙoƙi, sai ya yi kimanin awa 24 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa.

1. Naɗe kaifin wuƙar da kwali ka ɗaure, don kare hannunka da kuma hana gam taɓa inda ke taɓa abinci.

2. Wanke ƙotar, ka bar ta ta bushe sarai a inuwa, kwana ɗaya ko biyu. Idan ka rufe jiƙaƙƙen itace, ka kulle ruwa ne a ciki tare da ƙarfe.

3. Goge maiƙo. Gam ba ya kama kitse. Asiton, wato ruwan da ake goge janfarce da shi, yana cire maiƙon saman itace. Ka bari ya bushe kafin ka ci gaba, kuma ka nisanta shi da wuta.

4. Goge da sanfefa, daga mai lamba 120 zuwa 220, kana bin tsawon itacen. Ka tara garin da ya zuba.

5. Ɗiga gam mai ruwa-ruwa a wuya, da gindi, da cikin tsaga, ɗigo-ɗigo. Ka bari itacen ya shanye kafin ka ƙara. Idan ya daina sha, ka tsaya.

6. Cike ramuka da garin itacen, ka ɗiga gam a kai. Zai yi zafi ya fitar da tururi mai yaji, ka kawar da fuskarka.

7. Washegari ka sake gogewa da lamba 220 ko 320 har sheƙin da ke sama ya tafi. Abin da kake so ya rage shi ne gam ɗin da ke cikin itacen, hannunka kuma ya riƙa jin itace.

8. Shafa mai a sauran jikin ƙotar. Man farafin na kemis da kakin zuma sun dace, domin ba sa yin ɗoyi. Man gyaɗa yakan canza wari idan ya daɗe. Mai ba ya toshe itace kamar gam, amma ba ya tsagewa, kuma duk lokacin da ƙota ta yi fari sai ka ƙara.

Ga wuƙar ado, a mataki na 5 sai a shafe jikin duka da leda, siriri-siriri, a bar kowane shafi ya kama kafin na gaba, sannan a goge da sanfefa mai laushi daga lamba 400 zuwa 1000 ko sama.

Idan kuwa ƙarfen yana yawo sosai a cikin ƙota, wato gurbin ya yi faɗi, wannan ya fi ƙarfin sufa gulu. Ba ya cike babban gurbi, ba ya jure girgiza. Gam mai haɗi biyu irin Araldite ya fi dacewa, ko ka kai wa maƙeri ya sa ƙusa ta ratsa, ko a sake ƙota. Ka kuma gaya masa idan ka taɓa zuba gam a ciki, domin idan ya gasa wutsiyar ƙarfen ya cusa, hayaƙin da zai tashi mai guba ne.

Kiyaye lafiyarka

Kalmar sayano da ke cikin sunan takan tsorata mutane, su ɗauka gubar sayanaid ce a kwalba. Ba haka ba ne, a ɗaure take cikin ginin sinadarin, kuma taɓa daskararren gam ba ya sa guba. Amma tururinsa yana sa hawaye da yajin hanci, yana kuma iya tayar wa mai asma ciwonsa. Ka yi aiki a waje ko a bakin taga, ka rufe hanci lokacin gogewa.

Kada ka goge shi da auduga ko tsumma, kada ka sa safar hannu ta zare. Idan ya zuba da yawa a rigarka, ka ɗaga ta daga jikin fata, ka zuba ruwan sanyi.

Idan yatsu suka manne, kada ka fizge. Ka jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ko ka shafa mai, kana murzawa a hankali. Idan ya shiga ido, ka wanke da ruwa mai tsafta, kada ka ɓamɓare fatar idon da ƙarfi, kada asiton ya kusanci wurin, ka tafi asibitin ido. 'Yar kwalbarsa tana kama da ta maganin ɗigawa a ido, kuma likitoci a ƙasashe da dama sun sha karɓar waɗanda suka yi wannan kuskure, don haka kada ka ajiye su wuri ɗaya, ka kuma nisanta shi da yara.

Wasu sukan ɗiga shi a faso lokacin hunturu, ko a yankan wuƙa. Gaskiya ne likitoci suna da nasu gam na wannan dangi, kamar Dermabond da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Amma ginin sinadarinsa daban ne: ya fi laushi, kuma a hankali yake ruɓewa. Na tireda yana saurin sakin sinadarin fomaldihaid mai fusata nama idan ya zauna a cikin rauni, yana kuma iya rufe datti a ciki. Yanka mai zurfi na asibiti ne.

Game da ajiya, da zarar ka huda bakinsa danshin iska ya fara aiki a kansa, zafi kuma yana gaggauta lalacewarsa. Goge bakin da leda, ka rufe da kyau, ka sa shi a ƙaramar kwalba mai murfi a wuri mai sanyi. Idan ka ga ya yi kauri yana jan zare, ba zai ƙara shiga cikin itace ba.

Kafin ka buɗe murfin, ka tambayi kanka aikin da wuƙar za ta yi. Idan ta bango ce, yi mata sheƙi yadda kake so. Idan ta fiɗa ce ko ta girki, toshe wuya da gindi da tsaga, ka goge saman, ka shafa mai. Bayan haka abin da zai tsawaita ranta bai wuce ka wanke ta da an gama aiki, ka tsane ta, ka daina barin ta kwana a cikin ruwa ba.